Na'urar gwajin sigina: yadda ake auna rezo kafin a kafa turken salula a Shetimari da kwarin Komadugu

A garuruwan da ke bakin Komadugu kusan kowa ya san inda rezo yake. A wani gari sai an hau tudun bayan kasuwa, a wani sai an fita daga ɗaki an tsaya tsakar gida, a wani kuma sai an yi tattaki zuwa bakin babbar hanya. Manomin tattasai mai son jin farashi a kasuwar Diffa kafin ya ɗora buhunansa a mota, da ma'aikacin gidan likita mai neman motar ɗaukar marar lafiya da tsakar dare, duk sun dogara da waɗannan ƴan sanduna da ke saman allon salula.

Inda sandunan suke cika da inda suke ɓacewa ya danganta da shawarar da aka yanke tun kafin a haƙa ramin turke: a ina za a kafa shi, mita nawa zai yi, a wace firikansi zai yi aiki. Ɗaya daga cikin kayan da injiniyoyi ke amfani da su wajen yanke wannan shawara ita ce na'urar watsa sigina ta gwaji, wadda ake ɗauka a hannu ko a bayan mota. A Faransanci ana ce mata émetteur de test, ma'aikata kuma sukan ce mata emetar kawai.

Mece ce wannan na'ura?

Akwati ne da bai fi ƙaramar jakar tafiya ba. Aikinsa guda ne: ya fitar da igiyar rediyo a firikansin da aka zaɓa, da ƙarfin da aka sani, ba tare da ƙarfin ya hau ko ya sauka ba. Igiyar ba ta ɗauke da murya ko saƙo ko intanet. Shi ya sa ake kiran wannan gwaji da haruffan CW, wato igiya mai ɗorewa. Salula ba ta iya kiran kowa da ita, ba ta ma nuna ta a allo.

Amfaninta ya yi kama da na mai shela da aka tsayar a tsakiyar gari yana maimaita kalma guda da murya guda, wani kuma yana zagaya unguwanni yana rubuta inda ake jin sa sosai, da inda muryar ta dushe, da inda ta ɓace. Tun da an san ƙarfin da ya fita, kuma an auna wanda ya iso, bambancin da ke tsakani shi ne abin da hanya ta cinye: nisa, bishiyoyi, katangu, tuddai.

Na'urorin sun bambanta. Ƙananan da ake gwaji da su cikin gini, kamar asibiti ko ma'aikata mai hawa biyu, ƙarfinsu bai cika wuce wat 1 ba, kuma batir ne a jikinsu. Na fili, waɗanda ake auna ƙauyuka da su, sukan kai wat 10 zuwa 20.

Kayan da ke tafiya tare da ita

- Eriya, wadda a Nijar aka fi kira antan. A gwajin fili an fi amfani da mai watsawa ta kowace kusurwa daidai.
- Sandar ƙarfe mai zuƙewa da miƙewa, da igiyoyin ɗaure ta.
- Kebul mai kauri da ke haɗa na'ura da eriya.
- Ma'aunin ƙarfi, don tabbatar da abin da yake fita daga na'urar.
- Wani ɗan ƙarfe mai shanye ƙarfin sigina, charge fictive a Faransanci, da ake ɗaurawa a madadin eriya lokacin da ake duba na'urar.
- Batir ko ƙaramin injin wuta.
- A cikin mota: na'urar karɓa, eriya a kan rufi, GPS, da kwamfuta mai rubuta kowane awo tare da wurin da aka ɗauke shi.

Kalmomi uku da ya kamata a sani

Ta farko ita ce firikansi, wato sau nawa igiyar rediyo take kaɗawa cikin daƙiƙa guda. Ana auna ta da hertz, sunan Heinrich Hertz, masanin ƙasar Jamus da ya tabbatar da wanzuwar waɗannan igiyoyi tsakanin 1887 da 1888. MHz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ce a daƙiƙa. Rediyon FM yana tsakanin 87,5 da 108 MHz. Salular GSM tana aiki a 900 da 1800 MHz. A rukunin 900, waya tana magana da turke tsakanin 890 da 915, turke kuma yana amsa mata tsakanin 935 da 960. Wi-Fi yana 2400 da 5000 MHz. Ƙa'idar da ke bayan waɗannan lambobi mai sauƙi ce: ƙaramar firikansi ta fi nisan tafiya kuma ta fi ratsa katanga, babbar firikansi ta fi ɗaukar bayanai amma tana saurin gajiya. Wannan ne ya sa a karkara aka fi dogara da 900.

Ta biyu ita ce dBm, ma'aunin ƙarfin sigina. 0 dBm daidai yake da miliwat 1, 30 dBm wat 1 ne, 43 dBm kuma wat 20. Duk ƙarin 3 dB ninki biyu ne, duk ƙarin 10 dB ninki goma. Abin da yake isowa ga waya ƙanƙani ne ƙwarai, shi ya sa lambarsa take zuwa da alamar ragi. A GSM, -70 dBm sigina ce mai kyau, -90 ana magana, daga -100 zuwa ƙasa kira yana fara yankewa, wajen -110 kuma babu komai.

Ta uku ita ce tsawon turke. Tun da duniya a lanƙwashe take, akwai iyakar da igiya ba ta wuce ta ko da fili a shimfiɗe yake. Eriyar da ke mita 30 sama, da waya a hannun mutum a tsaye, iyakarsu a lissafi kusan kilomita 27 ce. Idan eriyar ta sauko mita 10, iyakar ta koma kusan kilomita 18. Wannan iyaka ce ta takarda. A zahiri sigina takan mutu tun kafin nan. Tsarin GSM na asali ma ba ya karɓar wayar da ta wuce kilomita 35 daga turke, komai ƙarfin siginar.

Me ya sa lissafin kwamfuta bai wadatar ba?

Kamfanonin salula suna da manhajojin da ke zana taswirar rezo tun daga ofis. Yawancin waɗannan manhajoji sun samo asali ne daga awon da injiniya Yoshihisa Okumura da abokan aikinsa suka yi a Tokyo da kewayenta, wanda aka wallafa a 1968. A 1980 Masaharu Hata ya mayar da sakamakon zuwa ƙa'idojin lissafi, daga baya wani shirin bincike na Turai mai suna COST 231 ya faɗaɗa su har zuwa 2000 MHz. Ƙa'idoji ne masu amfani, amma an gina su a kan birane da ƙauyukan Japan da Turai.

Ƙaramar hukumar Shetimari, wadda ake rubutawa Chétimari a takardun gwamnati, tana yamma da birnin Diffa, hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa ta zuwa Maine Sorowa, kudancinta kuma yana kan iyakar Nijeriya. A cikinta kaɗai akwai ƙasa iri uku. A kudu akwai kwarin kogi mai goruba da bagaruwa da lambunan tattasai da shinkafa. A tsakiya akwai garuruwan bakin hanya irin su Gagamari, inda jama'a suka ƙaru sosai bayan zuwan ƴan gudun hijira da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. A arewa kuma rairayi ne da filin kiwo. Kowanne yana cin sigina ta hanyarsa. Ganye mai ruwa yana shanye ta. Katangar ƙasa mai kauri tana rage ta, rufin kwano yana mayar da ita baya. Tudun rairayi yana yi wa garin da ke bayansa inuwa, kamar yadda katanga take tare hasken fitila.

Gwajin CW shi ne yake gyara lissafin ya dace da wannan ƙasa. Ana kwatanta abin da manhaja ta yi hasashe da abin da mota ta auno, a yi ta daidaita lambobin har kuskuren ya ragu. Injiniyoyi sukan nemi tazarar kuskuren ta kasance ƙasa da 8 dB. Da zarar an daidaita lissafin da ƴan wurare masu wakiltar yankin, ana iya amfani da shi ga sauran garuruwa masu kama da su, daga Shetimari har Geskeru.

Izini kafin a kunna

Firikansi dukiyar ƙasa ce, kuma ba wanda ke da damar watsa sigina a inda ya ga dama. A duniya, Ƙungiyar Sadarwa ta Ƙasa da Ƙasa, UIT, wadda aka kafa a 1865 kuma take da mazauni a Geneva, ita ke raba rukunan firikansi. A Nijar, doka mai lamba 2018-45 ta ranar 12 ga Yulin 2018 ce ta tsara harkar sadarwar zamani, doka mai lamba 2018-47 kuma ta kafa hukumar ARCEP, wadda ta gaji ARTP. ARCEP ce ke kula da rabon firikansi, da amincewa da kayan sadarwar da ake shigowa da su, da bin sawun masu katsalandan.

Kamfanoni huɗu ne ke da lasisin salula: Airtel, wanda ya fara da sunan Celtel a 2001 kafin ya koma Zain, Moov Africa, Zamani Telecom, wanda ya karɓi Orange Niger a 2019, da Niger Telecoms, wanda aka samar a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Kowanne yana da kasonsa na firikansi. Mai gwaji yana aiki ne a cikin kason kamfanin da ya ɗauke shi, a kan tashar da aka ware masa, ko kuma da izini na wucin gadi daga hukuma.

A jihar Diffa akwai ƙarin sharaɗi. An kafa dokar ta-ɓaci a jihar tun watan Fabrairun 2015, bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Diffa ranar 6 ga watan. A irin wannan yanki, mota mai eriya a kai tana zagaya ƙauyuka a hankali, da sandar ƙarfe da aka miƙe sama ba sanarwa, abu ne da zai tayar da hankalin jama'a da na jami'an tsaro. Ƙungiyar gwaji mai bin ƙa'ida tana riƙe da takardar aiki, tana gabatar da kanta ga hukumomin jiha da na tsaro, tana sanar da shugaban ƙaramar hukuma da mai gari, kuma tana bin shawararsu kan hanyoyin da za a bi da lokacin da za a tashi daga aiki.

Yadda ake gudanar da aikin

1. Zaɓen wuri. Ana kafa na'urar a inda ake son gina turken, ko kusa da shi, kuma a tsawon da ya kusanci na eriyar gaske. Sandar hannu ba ta cika wuce mita 10 zuwa 20 ba, don haka ana neman tankin ruwan gari, ko rufin bene, ko tsohon turke. Ana rubuta wurin da GPS, a auna tsawon eriya da ma'auni, a ɗauki hoton kowace kusurwa.

2. Sauraro. Kafin a watsa komai, ana kunna na'urar karɓa a saurari tashar da aka zaɓa. Idan akwai wata sigina a kanta, ana canja tasha. Awon da aka yi a kan tashar da wani ke amfani da ita ba shi da amfani, kuma zai lalata wa mutane kira.

3. Haɗa kaya. Ba a kunna na'urar ba tare da eriya ko charge fictive a jikinta ba. Ƙarfin da bai samu mafita ba yana komawa ciki ya ƙona ta. Ana ɗaure mahaɗan kebul sosai, a rufe su daga ƙura da ruwa.

4. Duba abin da ke dawowa. Akwai awon da ake kira ROS, mai nuna yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa. Idan ya nuna 1,5, kashi 4 cikin ɗari ne ke dawowa, kuma ana yarda da wannan. Idan ya kai 2, kashi 11 ne. Idan ya kai 3, rubu'in ƙarfin ne, sai a kashe a nemi inda matsalar take.

5. Ɗumama da aunawa. Ana barin na'urar ta yi ƴan mintoci tana aiki har ƙarfinta ya tsaya wuri guda, sannan a auna shi a ƙarshen kebul, inda eriya take shiga. Siririn kebul mai mita 10 yana iya cinye fiye da rabin ƙarfin a 900 MHz. Ana sake wannan awo bayan an gama. Idan na farko da na ƙarshe suka bambanta da yawa, aikin ranar ya ɓaci.

6. Zagaye. Mota tana bin hanyoyin da ke fita daga turke ta kowace fuska, da waɗanda ke kewaye shi, har inda sigina ta nutse cikin hayaniya. Akwai ƙa'idar da William Lee ya shimfiɗa: a ɗauki awo 36 zuwa 50 a cikin tazarar da ta kai tsawon igiya sau 40, a fitar da matsakaicinsu. A 900 MHz tsawon igiya santimita 33 ne, tazarar ke nan kusan mita 13. Motar da ke tafiyar kilomita 40 a awa tana buƙatar na'urar da ke ɗaukar awo fiye da 40 a daƙiƙa. Dalilin wannan shi ne sigina tana hawa da sauka ko a taku guda, saboda igiyoyin da suka bugi katanga ko ƙasa suna haɗuwa da wadda ta zo kai tsaye, wani lokaci su ƙara mata, wani lokaci su kashe ta.

7. Shiga da ƙafa. Inda mota ba ta shiga, kamar lungunan kasuwa da lambuna, ana ɗaukar na'urar karɓa a jaka. Ana kuma shiga wasu gidaje da izinin masu su, don a ga abin da katanga take ragewa.

8. Tacewa. A ofis ana cire awon da aka ɗauka mota na tsaye, da na gindin turke, da na inda GPS ya ɓata, sannan a zuba sauran a taswira.

Misali da lambobi

A ɗauka an saita na'ura a wat 20, wato 43 dBm. Kebul ya ci 2 dB, eriya ta ƙara 6 dB ta hanyar tattara ƙarfin zuwa gefe maimakon sama. Abin da ya fita ke nan 47 dBm, kimanin wat 50. A wani gari mai nisan kilomita 5, bayan kurmin goruba, a ce mota ta auno -88 dBm. Hanya ta cinye 135 dB.

Da babu komai a tsakani sai sarari, da 105 dB kawai za a rasa a wannan nisa. Ƙarin 30 dB ɗin, wato ragin ninki dubu, aikin ƙasa ne da bishiyoyi. A tsakar gida -88 ya isa a yi magana. Amma katanga da rufi sukan ƙara cin 10 zuwa 20 dB. Idan suka ci 15, a cikin ɗaki an koma -103, inda kira ke yankewa. A taswirar kamfani wannan gari yana da rezo. Mutanensa kuwa sai sun fito waje.

Akwai wani ɓangaren kuma. Turke yana da ƙarfi, amma waya ba ta wuce wat 2 a GSM 900, wat 1 a 1800, a 4G kuma kashi ɗaya cikin biyar na wat. Waya tana iya jin turke alhali turken ba ya jin ta. Daga nan ne ake samun sanduna biyu a allo amma kira ya ƙi shiga. Injiniyan kirki yana lissafa zuwa da dawowa duka, ya ɗauki mafi rauni a matsayin iyakar rezo.

Abin da irin wannan sakamako ke sawa a yi a bayyane yake: a ƙara wa turke tsawo, ko a matsar da shi, ko a juya eriya ɗaya ta fuskanci garin. Kafin gini, gyaran na takarda ne. Bayan an zuba kankare an tayar da ƙarfe, gari yana iya shekaru yana jira.

Abin da ya keɓanta ga kwarin Komadugu

Lokacin shekara. Ruwan sama a yankin Diffa bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, amma kogin yana samun ruwansa ne daga nesa, daga kogunan Hadeja da Jama'are a Nijeriya, kuma cikarsa tana zuwa ne bayan damina ta wuce. Awon da aka yi a watan Afrilu, bishiyoyi sun kaɗe ganye, fadama ta bushe, zai nuna rezo fiye da abin da za a samu a watan Oktoba. Gawo kuma akasin sauran bishiyoyi yake yi: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Wajibi ne rahoton gwaji ya faɗi watan da aka yi shi, a kuma bar rarar ƙarfi saboda lokacin ganye.

Ambaliya. A 2019 da 2022 Komadugu ta yi cikar da ta raba dubban mutane da gidajensu. Shimfiɗaɗɗen ruwa yana mayar da igiyar rediyo kamar madubi, sai sigina ta yi ta hawa da sauka a gaɓa. Ambaliya tana kuma yanke hanyoyi, har ƙungiyar gwaji ta taƙaita a kan kwalta ta bar garuruwan bakin ruwa. Ga shi kuma wurin da ya fi kyau ga sigina ba lallai ne ya tsira daga ruwa ba. Tsofaffin gari sun san inda ruwa ya taɓa kaiwa, kuma tambayarsu tana cikin aikin.

Zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Na'urar da aka bari a rana tana rage ƙarfinta da kanta ko ta mutu, don haka ana yi mata inuwa a bar mata iska. Ƙurar hunturu ba ta cika rage sigina a 900 ko 1800 MHz ba. Ɓarnarta tana kan mahaɗan kebul, da fankar na'ura, da allunan hasken rana.

Iyaka. Kogin ne iyakar Nijar da Nijeriya na tsawon kilomita kusan 150, Damasak kuma tana tsallake. Igiyar rediyo ba ta tsayawa a gaɓa. Da dare da asuba, musamman lokacin sanyi, iska mai ɗumi takan kwanta a kan mai sanyi, ta riƙe sigina ta kai ta nesa fiye da yadda aka saba. Wannan ne ke sa wayar mutumin da ke zaune a gidansa ta kama layin Nijeriya. Wanda ba ya son haka sai ya shiga saitin waya ya zaɓi kamfaninsa da hannu. Ga mai gwaji kuma, wajibi ne ya saurari tasharsa da safe da yamma, ya kuma auna abin da nasa turken zai tura tsallake, domin ƙasashe maƙwabta suna daidaita firikansin kan iyaka a tsakanin hukumominsu, ARCEP a nan, NCC a can.

Haɗa turke da turke. Turken ƙauye yana buƙatar hanyar da zai kai kira cibiya, yawanci ta faranti mai kallon wani faranti. Ganin juna kaɗai bai isa ba, sai an bar wa igiyar fili a kewayenta. A tazarar kilomita 10, a 5000 MHz, wannan fili yana kai mita 12 ta kowane gefe a tsakiyar hanya, kuma ana son aƙalla mita 7 daga ciki su kasance babu komai. Dogon yaro guda da ya girma a tsakani ya isa ya raunana layin.

Tana cutarwa?

Igiyar rediyo ba irin hasken hoton asibiti ba ce. Illar da aka tabbatar tana yi, idan ta yi yawa kuma a kusa, ita ce ɗumama jiki. Hukumar ICNIRP, wadda ta fitar da ƙa'idojinta a 1998 ta sabunta su a 2020, ta sa wa jama'a iyakar wat 4,5 a kowace murabba'in mita a 900 MHz. Eriyar misalin da ya gabata tana sauka ƙasa da wannan iyaka daga kimanin mita ɗaya. Wanda ke tsaye a ƙasa, eriya na mita 10 a samansa, ya yi nesa da ita ƙwarai. Ma'aikaci ne ya kamata ya kiyaye: ba ya taɓa eriya ko hawa kusa da ita sai an kashe.

Haɗarin da ya fi kusa na ƙarfe ne da wuta. Ba a miƙa sanda kusa da layin lantarki. Ba a barin ta a tsaye idan hadari ya haɗo, saboda tsawa da iskar da ke gaban ruwa. Ana kewaye wurin da igiya don yara.

Na'urar gwaji ba ta sauraron kiran kowa, domin watsawa kawai take yi. Ba kuma ita ce brouilleur ba, na'urar da ake toshe rezo da ita da gangan. Sai dai idan aka saita ta a tashar da ake amfani da ita, ɓarnarsu ɗaya. Shi ya sa ba kayan da mai gyaran waya ko mai shagon intanet zai saya ya kunna don gwaji ba ne.

Bambancinta da binciken ingancin rezo

Gwajin CW ana yin sa ne kafin gini. Bayan turke ya fara aiki akwai wani awon dabam, inda ake zuba wayoyi a mota suna kira da kansu suna buɗe intanet, ana ƙirga kiran da ya shiga, da wanda ya yanke, da saurin saukar bayanai. Kamfanoni suna yi don kansu, hukuma ma tana yi don ta ga ko sun cika sharuɗɗan lasisi. A kan irin wannan bincike ne ARTP ta ci kamfanonin huɗu tarar da ta haura sefa miliyar 3 a 2017, ARCEP kuma ta sake cin su tara a 2023.

Abin da gari zai iya tambaya

Idan ƙungiyar gwaji ta iso, shugaban ƙaramar hukuma, ko mai gari, ko shugaban ƙungiyar manoma yana da damar neman ganin takardar aiki da sunan kamfanin da ya aiko su. Bayan haka akwai tambayoyin da ke da amfani ga kowa: a wane tsawo aka sa eriyar gwaji, kuma mita nawa turken gaske zai yi? Waɗanne garuruwa motar ta shiga, waɗanne ta tsallake? An auna cikin ɗakuna, ko a kan hanya kawai? An shiga gidan likita, da makaranta, da kasuwa, da lambunan bakin kogi? An yi lissafin lokacin ganye da na ambaliya?

Jama'a ma suna iya tara nasu bayanin. A yawancin wayoyin Android, a cikin saiti, wajen bayanin katin SIM, ana ganin ƙarfin sigina da dBm. Idan aka rubuta lambar, da wurin, da ranar, da sa'ar, da sunan kamfani, a wurare biyar ko goma na gari har tsawon mako guda, an samu takardar da za a iya miƙa wa wakilin kamfani a Diffa, a kuma aika kwafinta ga ARCEP a Yamai ta hannun shugaban ƙaramar hukuma.